Masu Dubiya da Hannun Baba

A wani shagon yadi a Bur Dubai ciwon ya kama Baba. Yana tsaye yana murza shadda tsakanin yatsunsa, yana gaya wa Ba'indiyen mai shagon cewa wannan ba irin ta bara ba ce, kada ya raina masa hankali, sai hannun dama ya saki, ƙafar dama ta bi bayansa, ya tafi luu ya zube a kan bandir ɗin mutane. Ina ofis aka kira ni. Ni kaɗai ce a cikin 'ya'yansa nake zaune a Dubai, ina aiki a wani kamfanin jiragen ruwa, muna wani ɗan fulat a Abu Hail da mijina da yaranmu biyu. Baba kuwa baƙo ne da ya fi 'yan gari sanin gari. Tun kafin a yi dogayen benayen nan yake zuwa sarin kaya daga Kano, kuma babu Bahaushen da ke shiga lungunan kasuwar Naif bai taɓa durƙusa masa ba.

Asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Rai ya tsira, alhamdulillahi, amma harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya biyu yake iya fitarwa da ƙyar. Da ya ɗan samu kansa, likitan ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce jirgi dai ba yanzu ba. Ya ce watannin nan na farko su ne komai: in aka sa hannun da ƙafar aiki kullum, akwai fatan su dawo, in aka bar su a kwance, yadda suka kwanta haka za su sandare. Saboda haka a nemi gidan kula da tsofaffi mai sashen motsa jiki, a kai shi.

Na so in ce a ba ni ubana in tafi da shi gida. Amma gidan ɗaki biyu ne a hawa na huɗu, lif ɗinmu kuma sai ranar da ya ga dama yake aiki. Ko a bar wannan, wa zai kai shi banɗaki? Ni 'yarsa? Wallahi Baba ya gwammace ya mutu. Mijina kuwa suruki ne, wannan ya ma fi muni. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Na ce wa likita to.

Sai Yaya ya sauka daga Kano. Shi ne babbanmu, kuma tun daga filin jirgi ya kafa doka: kada ya ji bakin kowa ya ce gidan tsofaffi. Sunan wurin asibiti na biyu. Washegari ya ɗauko Baffa, aminin Baba tun suna samari, mai harkar kago, wato tura kayan 'yan kasuwa gida, a Naif. Baffa mutum ne da ko aure za a ɗaura a unguwar Deira, ko gawa za a kai gida, ko biza ce ta ƙare wa wani, sai an bi ta shagonsa. Mu uku muka zama kwamitin zaɓe. Ni ce direba, ni ce tafinta, ni ce kuma wadda ba a tambaya.

Wuri na farko likitan ne ya ba ni sunansa. Can bayan gari yake, an wuce inda jirgin ƙasa ya ƙare, an wuce rumbunan kaya, har an fara ganin raƙuma a bakin titi. Tun a mota Baffa ya fara salati. Gini ne fari, babu ado ko na sisi. Wata Balarabiya doguwa mai tabarau ta zagaya da mu, ba ta ba mu ko ruwa ba. Ta kai mu wani babban zaure inda tsofaffi suke ta fama: wannan na riƙe da ƙarafa biyu yana jan ƙafa, wancan na tura wani abu a kan tebur yana nishi. A gefe wani dattijo fari tas da gemu yana kokawa da safa, yana so ya sa ta, tana zamewa. Wani ƙaton nas yana tsaye a kansa ya harɗe hannuwa yana kallo.

"Innalillahi," in ji Yaya a kunnena. "Ke kin ga rashin imani?"

Kafin in ce wani abu Baffa ya tattare babbar riga ya nufi dattijon zai durƙusa. Matar ta tare shi da hannu ɗaya. Ta ce a nan ba a yi wa mutum abin da zai iya yi wa kansa, ko da zai kai azahar yana yi. Na fassara. Baffa ya dube ni kamar ni na faɗa.

Sai ta zo kan dokar dubiya. Da yamma kawai, mutum biyu a lokaci guda, kuma ba a shigo da abincin waje.

"Biyu?" Baffa ya ce. "To sauran fa?"

Ta ce sauran wa.

"Jama'a!"

Ta ce jama'ar za su kai nawa. Ai wannan tambaya ba a taɓa yi wa Baffa ita ba. Ya juya ya ce mini, "'Yata, gaya mata mun gode," ya yi gaba abinsa.

Wuri na biyu kuwa, tabarkalla. A cikin Deira yake, daga Naif ko da ƙafa sai ka je. Daga ƙofa ƙamshin turaren wuta ya tare mu. Ga ruwa na zuba a jikin bango, ga wata ƙatuwar fiyano da na tabbata tun da aka ajiye ta ba a taɓa danna ta ba. Wani mutum cikin kwat mai sheƙi ya tarbe mu da gahawa da dabino, kuma duk abin da aka tambaye shi amsarsa ɗaya ce: ba matsala, habibi, wato masoyi da Larabci. Masu dubiya? Ba matsala, habibi, daga safe har dare. Abinci daga gida? Ba matsala. A shimfiɗa darduma a ƙasa? Ba matsala.

Na tsaya ina kallon yayana, mutumin da ya yi digiri biyu, yana duba ɗakin da za a kwantar da mahaifinsa. Bai dubi gadon ba. Tsakar ɗakin ya auna da ido, shi da Baffa suna shawarar mutum nawa za su zauna in an matsa kujerar can, sannan in an buɗe ƙofa wasu su zauna a baranda. Suka nemo inda za a jona butar shayi. Suka gano alƙibla. Suka yi murna da faɗin tagar, wai za ta ɗauki kuloli.

Na ce ina sashen motsa jikin. Mai kwat ya ce akwai, akwai, ya buɗe mana wani ɗaki mai na'urori sababbi fil. Gaskiya akwai, ba zan yi musu ƙarya ba, kuma suna da ma'aikacinsu. Da muka koma asibiti na maimaita wa Yaya da Baffa abin da likita ya ce game da watannin farko, na ce ni dai wancan na nesa ya fi kwanta mini.

Baffa ya yi murmushi irin na manya. "'Yata, likita jijiya ya sani. Mu Alhaji muka sani. Mutumin da tunda nake da shi ban taɓa ganin ya ci abinci shi kaɗai ba, shi za ki kai cikin raƙuma? Kaɗaici ne zai kashe shi kafin ciwon."

Abin haushin shi ne, ba ƙarya ya faɗa ba. Yaya ya ce khalas, an gama. Shi mai ciwon babu wanda ya tambaye shi, ko da yake a kansa muka tsaya a asibiti muka yi ta wannan muhawara. Ai mara lafiya ne, ba a wahalar da shi da shawara.

Ranar da aka kai shi, labari ya riga mu isa Naif. Jama'a! Na san Baba na da mutane, amma ban san haka Allah ya yi su da yawa ba. Masu takalma, masu jakunkuna, masu atamfa, masu waya, ɗalibai, hajiyoyin da suka zo sari na mako guda suka ji labari a masauki. Har da wanda ya ce bai san Baba ba, amma babansa ya sani. Da rana ake rufe shaguna a ɗan huta, to wannan hutun gaba ɗaya ɗakin Baba ya dawo. Kuloli suka cika tagar nan kamar yadda aka tsara: farfesun kan rago, kunun gyaɗa, tuwon shinkafa da miyar taushe, dambun nama. Mutumin da hawan jini ya kayar, aka yi ta ɗura masa gishiri da man shanu cikin ƙauna.

Mai motsa jikin wani ɗan Indiya ne siriri mai sanyin hali. Shi ma da rana yake zagayensa. Zai leƙo da 'yan kayansa ya tarar da mutum goma sha suna addu'a, sai ya ce zai dawo. Ya dawo ya tarar ana shan shayi. In ya yi ƙarfin hali ya shigo, to a gaban 'yan kallo zai yi aikin. Ya ce Baba ya ɗaga hannu, Baba ya yunƙura fuska ta yamutse, sai ɗaki ya ɗauki "Sannu Alhaji! Wayyo! Sannu!" Wani ya ce masa da Hausa, "Kai malam, ka ji tsoron Allah, sa'an kakanka ne." Shi kuma ya yi ta murmushi yana cewa shwaiya shwaiya, Baba, wato sannu-sannu.

Wata rana ya kawo kwano biyu, ɗaya da wake a ciki. Ya ce Baba ya riƙa tsintar waken ɗaya-ɗaya da hannun dama yana sawa a ɗaya kwanon, zai je ya dawo. Ina zaune a gefe. Baba ya duƙufa, gumi ya tsatso masa a goshi, yatsun suna rawa, da ƙyar ya kama ƙwaya ɗaya ta suɓuce. Sai ga wani Alhaji mai sarin jakunkuna ya yi sallama, babban mutum da tumbinsa. Ya tsaya ya ga abin da ake ciki. Ya ajiye ledar lemonsa, ya ɗauki kwanon waken ya juye shi kaf a cikin ɗayan.

"Shi ke nan, Baba, an gama," ya ce. "Wai babban mutum kamarka za su sa tsintar wake! Ba su da masu aiki ne a kicin ɗin?"

Baba ya ce, "Bari."

Wannan kalma ita ta fi zama a bakinsa a lokacin, kuma yana faɗarta sarai kowa na ji. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, hannu huɗu su riga shi, ya ce bari. Zai gyara hularsa, a gyara masa, ya ce bari. Zai ja mayafi, a ja masa, ya ce bari. To amma wane ɗan mutunci ne babba zai ce masa bari ya bari? Tun muna yara aka koya mana cewa in babba ya ce bar shi, kawaici yake yi, kai kuma sai ka ƙara sauri. Kuma wa ya koya mana? Shi Baban. Ina tuna ranar da ya ƙwanƙwashi kan Yaya don ya bar wani baƙo ya ɗauki butarsa da kansa, Yaya na kuka yana cewa ai shi ya ce in bari. Yanzu ga shi kwance, tarbiyyar da ya shuka ta kewaye gadonsa, ba ta barinsa ya ɗaga ko cokali.

Cokalin ma sai da aka yi rigima a kansa, kowa na son ladan ba Alhaji abinci a baki. Ran nan ya gaji ya sa hannun hagu zai ci da kansa. Baffa ya zabura. "Subhanallahi! Da hagu, Alhaji? Muna raye?" Ya karɓe cokalin.

Ni fa na yi magana. Na ce don Allah a riƙa barinsa yana gwadawa, likita ne ya ce. Wata Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Allah sarki, 'yan boko. Ke in kin gaji ki je ki huta, mu za mu yi." Na je wurin mai kwat na ce ko za a taƙaita masu shigowa lokacin motsa jiki. Ya ce ba matsala, habibti. Baffa ya je ya ce masa kada a kuskura. Ya ce ba matsala, habibi.

Ƙafar kuwa ta ɗan fara motsi, don da safe kafin jama'a su zo ana samun a tsayar da shi a jikin ƙarafa. Ana cikin haka 'yan kasuwa suka haɗa hannu suka sayo masa keken guragu, ba irin na asibiti ba, mai batir, mai kujerar fata, wanda ake tuƙawa da ɗan yatsa. Aka kawo shi da ɗaurin kyalle ja, aka yi jawabi, aka yi fatiha, aka ɗauki Baba cak aka ɗora. Yaya ya ɗauki bidiyo ya tura Kano. Dama kullum sai ya tura: ga Baba cikin jama'a, ga kuloli, ga mai ba shi a baki, don kowa ya shaida ba a yar da shi ba. Daga ranar, duk wanda ya ce Baba ya taka ƙasa ya raina kyautar jama'a. Yaya ya koma Kano hankalinsa kwance, ya bar mini wasiyyar in riƙa gode wa mutane.

Bayan wasu makonni likitar gidan ta kira ni ofishinta. Ta ce hannun ya fara dunƙulewa, na ma gani da idona, yatsun sun fara komawa cikin tafi. Ta ce in haka ta ci gaba babu amfanin riƙe shi a sashen motsa jiki, sai a mayar da shi hawa na sama, wurin masu zaman dindindin. Na ce a nuna mini saman. Tsaf yake, ƙal-ƙal, babu abin kushewa. Tsofaffi a jere cikin kekuna an juya su suna fuskantar talabijin, an rufa musu barguna a gwiwa, wata nas tana bi tana goge musu baki. Babu wanda ake shirin sallama a wurin. Tsoro ya kama ni irin wanda ko ranar da ya faɗi ban ji ba.

Na kira Yaya na gaya masa. Ya ce, "To, Allah ya sa haka ya fi alheri. Ɗakunan saman sun kai na ƙasa girma?"

A 'yan kwanakin nan ne Baba ya tsiro da daɗewa a banɗaki. Nas zai tura shi ciki ya jawo ƙofa, sai a yi ta jira, shayi ya huce, Baba bai buga ƙararrawa ba. Nan take majalisa ta gano cutar: basir ne. Dama mu komai basir ne. Washegari magunguna suka fara sauka, na jiƙawa, na turarawa, na haɗawa da nono, har da wanda aka aiko daga Zinder a cikin kayan wani.

Wata la'asar na shigo na tarar ɗakin babu kowa, duk sun tafi masallaci. Sai na ji famfo a banɗaki. Ya zuba, ya tsaya. Ya zuba, ya tsaya. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, kuma ban yi niyyar leƙe ba, Allah ya sani, madubi ne ya nuna mini. Baba na zaune a kekensa da kayansa tsaf a jikinsa. Ya sa hannun hagu ya ɗauko na daman ya ɗora a kan famfo, yana turawa, yana cije leɓe. In ruwa ya zubo sai ya sake ja ya rufe. A cikin abin ajiye sabulu ga 'yan ƙwayoyin wake, ban san yaushe ya ɓoye su ba. Mutumin da ya aurar da 'ya'ya, ya kai mutane Makka, bai samu inda za a ƙyale shi ya motsa hannunsa ba sai banɗaki.

Idonmu ya haɗu a madubin. Na so in gudu don kunya, ya kira ni da kai. Na tsaya a bakin ƙofa ina share hawaye.

"Can," ya ce.

"Ina, Baba?"

Ya daɗe yana neman kalmar. "Mai... nisa." Ashe duk gardamar da muka yi a kansa a asibiti yana ji. "Ki kai ni."

Da na gaya wa Yaya a waya, sai da na janye ta daga kunnena. Ya ce ni na sa masa maganar a baki. Ya ce so nake a zage mu a Kano. Ya ce a kira Baffa a yi a gabansa. Aka taru washegari, Baffa a bakin gado, Yaya a waya an buɗe murya, wasu dattawa biyu a kan darduma.

Baffa ya matso kusa, don shi ma abin ya taɓa shi. "Alhaji, mun yi maka wani laifi ne? In akwai wanda ya ɓata maka, faɗa mini, yau zan hana shi zuwa. Me muka rage ka da shi?"

Baba ya buɗe baki, magana ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Dama ko harshen na lafiya, ta yaya zai dubi mutanen da suka bar shagunansu saboda shi ya ce su tafi? Sai ya yi abin da zai iya. Ya tattaro duk ƙarfinsa ya ɗaga hannun daman shi kaɗai, ba tare da na hagu ba, ya kai shi saitin fuskar Baffa, a dunƙule, yana karkarwa, don ya gani.

Baffa ya ce, "Ayya, ayya, sannu." Ya sa hannu biyu ya karɓi hannun a hankali, ya mayar da shi kan matashi, ya ja bargo ya rufe shi, ya ɗan daddanna. Sannan ya juyo wurina. "Kin gani ko? Ɗaga hannu ma wahala yake ba shi. Shi za a kai inda za a sa shi aikin ƙarfi?"

Baba bai sake yunƙurin magana ba. Ni ya kalla.

Sunana ne a wurinsu a matsayin mai kula da shi, tunda ni ke zaune a ƙasar. Na kira Balarabiyar nan mai tabarau, ta ce akwai gado. Da hantsi, lokacin da Naif ke tsakiyar ciniki, motar asibiti ta zo muka ɗauke shi. Keken mai batir na bar musu shi a ɗakin, da kulolin, da maganin basir.

Abin da ya biyo baya kuwa, na sha. A Naif in na yi sallama a shago sai a amsa mini da hanci. Matan unguwarmu suka daina kirana suna da biki. A Kano labarin ya zama na kai ubana sahara na jefar don kada ya dame ni da miji. Yaya ya daina ɗaukar wayata, sai dai matarsa ta turo mini wa'azi a kan haƙƙin iyaye. Su kuma jama'ar Baba, da za su iya zuwa bibbiyu da yamma, suka yi zuciya gaba ɗaya. Tunda an ce ba a son su, ba sa zuwa.

Kuma kada wani ya ɗauka Baba ya ji daɗin wurin. Bai ji ba. Ya rame. Abincinsu babu gishiri babu yaji, shi kaɗai yake ci, rabi a baki rabi a riga. In na zo da yamma bayan na tashi aiki, idonsa ba a kaina yake fara sauka ba, bayana yake dubawa ko akwai wani. "Wa ya zo?" Sai in ce ni ce, Baba. Ya ce to. Sau da yawa a hanyar komawa na tsayar da mota a gefen titi na yi kuka, ina cewa ko dai Baffa ne mai gaskiya. Ƙaton nas ɗin nan shi aka haɗa shi da shi, kuma da zaginsa maganar Baba ta fara dawowa. Ranar da na ji ya ce masa "ɗan banza mara mutunci" tiryan-tiryan babu gargada, har sujada na yi.

Ƙafar ta riga dawowa, ya fara takawa da sanda mai ƙafa huɗu. Hannun ne ya yi taurin kai. Sun ce an makara da shi, ba lallai ya buɗe duka ba. A hankali babban yatsa ya saki, manuni ya bi, na tsakiya ya ɗan biyo. Sauran biyun har yau suna cikin tafi.

Wata Juma'a da yamma ina zaune wurinsa, sai na ji hayaniya daga wajen masu karɓar baƙi, ma'aikata na ta yalla, yalla, wato a yi gaba, wani kuma yana rantsuwa da Hausa cewa kunu ne kawai, kunu ba abinci ba ne. Na san muryar. Can sai ga Baffa, an ƙwace masa kula, shi kaɗai, fuska a ɗaure. Bai ko kalle ni ba. Ya yi sallama daga bakin ƙofa.

Baba na zaune a kujera. Ya amsa sallamar cikakkiya. Sannan ya fara ɗago hannun dama daga cinyarsa zai ba shi musabaha. Hannun na tafiya kaɗan-kaɗan, yana rawa, yatsu ukun suna buɗewa da ƙyar. Baffa ya yi wuf ya taho da hannu biyu zai tare shi a hanya.

"Baffa, tsaya!"

Ban san da wannan ƙarfin muryata za ta fito ba. Tunda aka haife ni ban taɓa ɗaga wa babba murya ba. Baffa ya ƙame a inda yake, ya dube ni baki buɗe, ya dubi Baba. Baba bai kalli kowa ba, hannunsa yake kallo.

Baffa ya sauke hannun hagu. Ya bar na daman a miƙe a inda yake, bai matsa ba. Tsakaninsu bai fi kamu biyu ba, amma sai da aka daɗe. Ina ganin yatsun Baffa na motsi suna son su kai, yana hana su. Hawaye ya gangaro masa ya shiga gemu, bai goge ba, don hannun da zai goge da shi yana jira.

Da hannun Baba ya isa, ya kama nasa da yatsu ukun ya riƙe. Baffa ya ce, "Alhaji, ai da zafi riƙon nan."

Baba ya ce, "Zauna. Ina kunun?"